Baba Abari da Ƙafar Jirgin da Muka Yi wa Gayya

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a tsakar gida da buta a hannu. Baba Abari ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lawali mai walda ne ya kira ni a salula. Bai yi sallama ba, bai tambayi kwana ba. Cewa ya yi, "Taubashina ya tafi. A Damagaram, bayan asuba. Ana kawo shi gida." Sai ya kashe.

Ku da kuke bin shafin nan kun san ni da manyan kalmomi. Ni ne wanda ya taɓa rubuta ta'aziyya mai sakin layi bakwai don tukunyar shayinmu ta huje. Yau na laluba taskar kalmomin nan tawa, na tarar duk sun yi wa mutumin nan kaɗan. Ku karɓi abin da ya samu.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Abari ɗan Tanut ne. A nan aka haife shi, a nan ya yi lakwal, wato makarantar boko, daga nan karatu ya ɗauke shi zuwa Yamai da ƙasashen waje, har ya dawo injiniyan jiragen sama. Aikinsa a gwamnati binciken lafiyar ƙananan jirage. Shi ne mutumin da ke zagaya jirgi, ya leƙa ƙarƙashinsa, sannan ya ce ya tashi ko kada ya tashi. In ya ce kada, to ko wane babba ne a ciki sai ya sauko ya nemi mota.

Kowa in ya ga jirgi, fukafukai yake kallo. Shi ƙafafu yake kallo. Ya kan ce duk jirgin da ya tashi sai ya dawo ƙasa, kuma da ƙafa zai dawo.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya a jirgi ba. In ya shigo gidanka, kafin ya zauna sai ya girgiza kujerar. In amalanke ya wuce, sai ya bi tayoyin da ido har ya ɓace. Fadarmu ta shayi da ke bakin tasha tana da wani benci mai tarihi, wanda ya kayar da manyan baƙi ba tare da nuna bambanci ba. Wata rana Baba Abari ya zo wucewa, ya tsaya, ya kifa bencin, ya ciro ƙusa daga aljihun babbar riga, ya gyara, ya tafi. Bai sha shayin ba. Bayan kwana biyu ya aiko mana da sukari.

Shi ya raɗa mini suna Mai Girma Kakakin Majalisa, kuma bai taɓa faɗinsa yana dariya ba.

Bayan ya yi ritaya, zaurensa ya zama aji. 'Yan matan unguwa masu shirin jarrabawa a nan suke koyon lissafi, shi ke sayen alli. In tsoho yana neman maganin da babu a Tanut, sai ka ga takardar likitan a aljihunsa ran da zai je Damagaram.

Amma abin da ya sa nake rubutun nan, wani abu ne da ya faru tun yana bakin aiki.

Shekarar, damina ta yi kyau irin kyan da tsofaffi ke tsoron yabawa da ƙarfi. Hatsi ya yi bununi, ya fara ido. Daga Ollelewa har kwarin Tarka, in ka hau tudu, kore ne iyakar ganinka.

Sai fara ta ɓullo.

Gwamnati ta turo jirgin feshi, ɗan ƙarami, ruwan ɗorawa, mai kujera guda. Matuƙinsa wani saurayi ne mai suna Siddo, ya zo tare da makanikinsa. Jirgi ya fara aiki, mutane suka fara numfashi. Ana cikin haka, a wata sauka da ya yi a filin jirginmu na bayan gari, tayar hagu ta faɗa cikin zurfin sawun da amalanke ya bari bayan ruwan sama. Jirgin bai faɗi ba. Amma da makanikin ya duba, ya ga tsaga a ƙarfen ƙafar, siririya kamar zaren ɗinki.

Aka sanar da Yamai. Amsa ta zo cewa a ajiye jirgi, mai bincike yana tafe, za a nemo sabuwar ƙafa. Siddo da makanikinsa suka tafi Damagaram tarbar mai binciken, suka bar jirgin a hannun mai gadi. Shi ma mai gadin gonarsa a Ollelewa take.

A nan ne hikimar mu mutanen yankin Damargu ta motsa.

Mu mutane ne da in noma ya fi ƙarfin ɗayanmu, sai a yi masa gayya. In rijiya ta rufta, gayya. In katangar masallaci ta zube, gayya. To ga jirgi ya samu rauni a ƙafa, ga fara tana ci ba ta jiran Yamai, ga kuma Lawali a kasuwa, ɗan maƙeri jikan maƙeri, mutumin da ya taɓa haɗa shasin kamiyo da ya rabu biyu har motar ta je Agadas ta dawo. Me ya rage a jira?

Da hantsi aka ɗora injin wutar Lawali a amalanke, jaki ya ja shi zuwa filin jirgi. Mata suka aiko da fura. Makaɗa suka zo ba tare da an kira su ba. Lawali ya sa baƙin gilashinsa, ya yi bisimilla, ya bi tsagar nan da wuta, ya goge, ya sake bi, ya sake gogewa, har wurin ya yi sumul. Aka nemo fenti mai launin jirgin aka shafe. Wani tsohon maɗori daga Tenhya, da ya zo cin kasuwa ya ji ana cewa jirgi ya karye, ya matso ya yi tofi, ya ɗaura wa ƙafar laya. Lawali ya rantse ko ruwan fura ba zai sha ba da sunan lada.

Ban taɓa ganin aikin da aka yi da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Har yau ina faɗin haka.

Washegari mota ta iso da mai bincike. Da ƙofa ta buɗe muka ga Baba Abari ne, mata suka rangaɗa guɗa. Ɗan gida. Taubashin Lawali, wanda suka tashi suna tsokanar juna tun ba su iya ɗaura wando ba. Ƙanin Iya Falmata, wadda gonarta ta Ollelewa take daidai inda farar ta fi yawa. Kowa ya ce magana ta ƙare.

Fadarmu ta wakilta ni in gabatar da jawabin maraba. Na faro daga matsayin Damargu na rumbun ƙasa, ina shirin gangarowa kan ƙwazon al'umma, sai na waiga na ga wanda nake wa jawabin ba ya wurin. Tafin takalmansa kawai ake gani. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin jirgi, da farar shaddarsa, da ƙaramar tocila a baki.

Ya daɗe a can. Makaɗa suka gaji suka yi shiru.

Daga ƙarƙashi muka ji muryarsa. "Wa ya yi wannan aikin?"

"Ubangidanka ne," in ji Lawali. "Fito ka gaishe ni, bawa."

Ya fito, ya kakkaɓe yashi. Ya ce, "Lawali, na ga walda a ƙasashe da dama. Ban ga wadda ta fi wannan tsafta ba. Ka kuma gode wa Allah, ka hura wuta alhali tankin mai yana saman kanka."

Jama'a suka ɗauki tafi. Ya jira har tafin ya lafa.

"Jirgin nan ba zai tashi ba."

Lawali ya yi dariya, yana zaton wasan taubasai ne. Da ya dubi fuskar ɗan'uwansa, dariyar ta tsaya.

Baba Abari bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai ɗan maƙeri ne. In baffa ya gama wuƙa, ya gasa ta, ya tsoma a ruwa ta yi ƙwari, sai wani ya zo ya mayar da ita wuta, me take zama?"

Lawali ya ce, "Ta mutu. Sai dai yankan kabewa."

"To ƙarfen nan haka aka dafa shi a inda aka ƙera shi, don ya lanƙwasa kamar baka ya dawo duk lokacin da jirgi ya dira. Wutarka ta rufe tsagar, amma ta kashe ƙarfen da ke kewaye da ita, kuma ido ba ya ganin wannan. Shi ya sa doka ta ce irin wannan ƙafa in ta tsage ba a yi mata walda, cire ta ake yi a sa sabuwa. Ba don a wahalar da Tanut aka kafa dokar ba. Sai da aka binne mutane a wasu wurare sannan aka kafa ta."

Siddo ya matso. "Baba, ni na yarda. Zan ɗauki rabin magani, in tashi a hankali, in sauka a hankali."

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma in ta karye kana cikin gudu, fiffike ne zai daki ƙasa, kuma mai yana cikinsa. Kai ne na farko. Sannan dubi can." Ya nuna tabkin da ke ƙarshen filin, inda shanu da raƙuman makiyaya suke shan ruwa. "Gubar da ka ɗauka can za ta gangara."

Wakilin perefe, wato shugaban gundumarmu, ya ja Baba Abari gefe, suka yi magana mai tsawo. Da suka dawo, fuskar wakilin ce ta canja.

Sai taron ya dare biyu, Iya Falmata ta ratso. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tun sassafe ta taso daga Ollelewa a amalanke, tana riƙe da zangarniyar hatsi da fara ta cinye rabinta. Ta jefa zangarniyar a gabansa.

"Abari, ni na goye ka. Hatsin gonar nan ka ci har ka shiga lakwal. Da shi aka yi maka guzurin Yamai. Dube shi. Sa hannu kawai aka ce ka yi."

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina.

Babban injiniya, a gaban jandarmomi da wakilin perefe da mu 'yan kallo, ya cire takalmansa, ya durƙusa a gabanta, ya sunkuyar da kai kamar yadda ƙane ke yi wa wadda ta raine shi.

"Gaskiya ne, Yaya."

"Jikokina da wannan hatsin za su kai baɗi."

"Gaskiya ne, Yaya."

"To tashi ka sa hannu."

"Ba zan sa ba, Yaya."

"Abari."

"Na'am, Yaya. Ba zan sa ba."

Na ga masu taurin kai, da ƙirji suke yi. Na ga masu ladabi, su kuma ko me aka ce musu to suke cewa. Ran nan na ga mutum gwiwarsa a ƙasa, idonsa a ƙasa, muryarsa a ƙasa, amma garin Tanut gaba ɗaya ya jingina a kansa bai gusa ba. 

Iya Falmata ta juya ta hau amalankenta. Bai miƙe ba sai da ta yi nisa.

Motar da ta kawo shi ta koma ba tare da shi ba. Ya tuɓe shadda, ya ari fartanya, ya bi mu Ollelewa. Muka haƙa ramuka muna kora ɗangon da bai yi fiffike ba a ciki muna binnewa. Muka yi hayaƙi, muka kaɗa gwangwani har hannu ya kumbura. Kowace safiya sai ya hau tudun da salula ke kamawa, ya kira Yamai a kan maganar ƙafa, ya sauko ya ci gaba da haƙa. Mutane da yawa ba sa amsa gaisuwarsa. A masallaci, sahun da ya tsaya sai ka ga an bar ɗan fili a gefensa. Bai taɓa yin ƙorafi ba.

Ba zan yi muku ƙarya don yau ranar yabo ce ba. Gwangwani ba ya korar fara. Kafin kamiyo ya iso da sabuwar ƙafa, gonakin Ollelewa da yawa sun tafi. Ta Iya Falmata kara kawai ya rage, tsaye, kamar an aske. Da jirgin ya tashi, ya ceci na kwarin Tarka da na wajen Belbeji. Namu bai iske su ba.

Ran da aka ɗaga jirgin aka cire tsohuwar ƙafar, Lawali ya rungume ta. "Bar mini ita in rataye a shago. Aikina ne mafi kyau."

"Saboda kyan nata ne ba zan bar ta ba," in ji Baba Abari. "Wata rana ba ka nan, wani ya saye ta, ya ga fenti lafiya, ta je ta shiga ƙarƙashin wani jirgi a wata ƙasa. Doka ta ce a lalata ta yadda ba za ta ƙara ɗauruwa ba. Yanka ta. Da hannunka."

"Ka san ka fi fara mugunta?"

"Na sani. Yanka."

Lawali ya kunna injinsa, ya daddatsa aikin da gari ya yi wa kiɗa. Idonsa yana ruwa. Ya ce hayaƙi ne.

Amma jinin maƙera ba ya barin ƙarfe mai kyau a yashi. Ya kwashe guntayen ya kai maƙerar gidansu, ya fitar da fartanyoyi. Ta farko ya kai wa Baba Abari, ya ce, "Mai doka, ga wata ƙafar, duba." Baba Abari ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya kara a kunne, da dukkan natsuwar da yake duba jirgi da ita. Ya ce, "Wannan na sa hannu. Kai wa Yaya."

Ta karɓa ba ta ce komai ba. Baba Abari ya cika mata rumbu daga kasuwa, ta karɓa saboda jikoki, ba ta ce komai ba. Sai da Babbar Sallah ta zo ta aiko masa da soyayyen nama a kwanon da mahaifiyarsu ta bari. Daga nan aka ci gaba da zumunci. Ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba. Shi ma bai taɓa neman ta faɗa ba.

Ganina da shi na ƙarshe a zaurensa ne, kafin a kai shi Damagaram. Ya rame, yana kishingiɗe a tabarma, allon lissafi a jingine a bango.

"Mai Girma Kakaki, bisimilla. A'a, ba wannan kujerar ba, ƙafarta ta baya tana rawa."

Na zauna a ƙasa. Muka taɓa hira. Sannan na yi tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita.

"Baba, da an bar jirgin nan ya tashi, da ƙafar ta karye?"

"Ban sani ba."

Na yi zaton zai ce tabbas.

"Ban sani ba, Kakaki. Lawali ya iya hannunsa. Watakila da ta yi shekaru tana aiki. Watakila kuma a tashin farko."

"To Baba, hatsin fa?"

Ya gyara kishingiɗarsa.

"Hatsin na gan shi da idona, kuma ina ganinsa har yau. Ɗayan abin kuwa ba wanda ya gani. An ɗauke ni aiki ne don kada a gan shi."

Sai ya ce in miƙo masa ruwa, kuma in gaya wa 'yan fada su rage sukari.

Bayan la'asar muka kai shi makwanci. Sahun yau ba fili a cikinsa. Mutanen Ollelewa sun zo a amalanke da babura, har da waɗanda suka ƙi amsa gaisuwarsa a wancan lokaci. Siddo ya kira daga Yamai, ya kasa ƙarasa magana.

Da aka zo ɗaukarsa, Lawali ya ce a dakata. Makarar ƙarfe ce ta masallacinmu, shi ya ƙera ta. Tsoho da furfura ya tsuguna, ya bi ƙafafunta da marikanta ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, yana shafa wurin walda da yatsa. Da ya gama ya ce, "Ku ɗauka. Kada bawan nan ya ce ba zai hau ba."

Ba wanda ya yi dariya.

Daga maƙabarta na wuce gaishe da Iya Falmata. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Ina zaune a bakin ƙofa sai ga masu haƙa kabari sun shigo sun ajiye fartanya a gabanta. A nan na ji cewa tun da safe, kafin gawa ta iso, ta aika musu da ita, ta ce da wannan za a haƙa.

Ta laluba ta ɗauka. Ta bi bakin ƙarfen da yatsa, da sauran danshin ƙasa a jikinsa.

"Ta yi aikin?"

"Ta yi, Iya."

"Ba ta lanƙwashe ba?"

"Ko kaɗan."

Ta ɗora ta a cinya, ta rufe da gefen mayafinta.

"Ai shi ya duba ta."

Ya Allah, ga bawanka Abari ya iso gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sanya rayukan da ya tsare, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba, a ma'aunin alherinsa. Ka ba Iya Falmata haƙuri, ka ba Lawali haƙuri, ka ba iyalansa da 'yan matan zaurensa haƙuri. Ka tsare gonakin Damargu daga fara, ka ba mu masu riƙon amana irinsa ko da za mu yi fushi da su.

Kai da ka karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, kada ka wuce da danna alama kawai. Ka ɗan ajiye salular, ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunansa a sujadarka ta gaba.

Allah ya jiƙan Baba Abari. Amin.